Ƙara daban, ƙarfi daban: sharhi kan yanke salansa da cire "indomi" a motoci masu turbo

Idan ka taɓa tsayawa bakin titi a Jega da la'asar, ka san ƙarar da nake nufi. Mota ce za ta taho daga wajen Aliero tana ruri, ka ɗauka tirela ce, sai ta ƙaraso ka ga ashe ƴar ƙaramar Golf ce. Ka tambayi mai ita, zai ce maka an buɗe mata numfashi. An yanke tukunyar salansa, an zubar da abin da makanikai ke kira indomi, an jona bututu mai faɗi. Zai ƙara da cewa yanzu ta fi gudu, ta fi ja, kuma ta rage shan mai.

Waɗannan iƙirari guda uku nake son mu auna tare. Ina da dalilina na gida. Kawuna yana da Sharon mai inji 1.8 turbo, yana lodin fasinja tsakanin Maiyama, Jega da Sakkwato, kuma da ita yake ciyar da gida guda a Sarandosa. Bara motar ta fara kasala, in ta ɗauki kaya ba ta son hawa. Ya kai ta gareji. Makaniken bai sa mata na'ura ko ɗaya ba, ya tako totur sau biyu, ya kasa kunne, ya ce: "Alhaji, indomin nan shi ka shaƙe ta. Mu fidda shi ka huta." Aka fidda. Da na zo hutu Kawu ya ce da ni: "Kai da kake ta karatun kimiyya, zo ka ji yadda ta koma." Na ji. Ta koma mai ƙara, amma kasalar tana nan. Zan gaya maka abin da ya same ta a ƙarshe, sai dai kafin nan ya kamata mu san abin da ake taɓawa.

Mene ne aikin turbo?

Inji yana samun ƙarfi ne daga ƙona mai, mai kuwa ba ya cin wuta sai da iska. A injin fetur ana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska kafin giram 1 na fetur ya ƙone sarai. Saboda haka iyakar ƙarfin inji ita ce iyakar iskar da zai iya shaƙa. Ko ka tuttula mai, in babu iskar da za ta ƙona shi, baƙin hayaƙi kawai za ka samu.

A ɗaya ɓangaren, wajen kashi ɗaya cikin uku na makamashin da ke cikin man da ka saya yana ficewa ne ta salansa, a matsayin hayaƙi mai zafi. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar cin moriyar wannan asara a 1905. Dabarar ita ce a sa farfela a hanyar hayaƙi, hayaƙin ya juya ta, ita kuma ta juya wata farfelar da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke danna iska cikin inji. Wannan shi ne turbo. A ƙananan motoci yana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti guda, kuma hayaƙin da ke bugun sa a injin fetur yana iya haura digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Da shi ne inji ƙarami irin na Sharon ɗin Kawu ke ba da ƙarfin doki 150. Manyan motocin da ke kwasar albasa daga Aliero zuwa kudu su ma da turbo suke aiki, nasu na dizal ne. Kuma motocin da ke shigowa yanzu, irin su Honda Accord ta 2018 mai inji 1.5 da Mercedes C300 daga 2015, duk masu turbo ne. Ke nan maganar nan za ta daɗa shafar mutane ne, ba raguwa za ta yi ba.

Inda makanikai suke da gaskiya

Ba zan ce maka maganar buɗe numfashi ƙarya ce tsagwaronta ba. A mota mai turbo tana da tushe, kuma lissafin ba shi da wuya.

Abin da ke juya farfelar hayaƙi shi ne bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta, kuma bambancin na ninki ne. A ce domin ta yi aikin da ake so, sai matsin gabanta ya ninka na bayanta sau biyu. Iskar da ke kewaye da mu tana da matsi na kusan bar 1. Da a ce babu komai bayan farfelar, matsin gabanta zai zama bar 2. To amma a ce indomi da tukunyar salansa da lanƙwasar bututu sun tare hanya har matsin baya ya kai bar 1.3. Yanzu gaba sai ya kai bar 2.6. Ka ga 0.3 da aka ƙara a baya ya zama 0.6 a gaba. Wannan ƙarin matsi fistin ne ke fama da shi duk lokacin da zai tura hayaƙi waje, sannan wani ɓangare na hayaƙin yana maƙalewa cikin silinda ya gurɓata sabuwar iskar da ke shigowa.

Don haka rage toshiya a bayan turbo yana sa shi saurin tashi, yana kuma rage wa inji wahala. Bututu mai faɗin inci 3 ya fi mai inci 2.5 fili da kashi 44 cikin ɗari, domin fili yana tafiya ne da faɗin sau faɗin. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera kayan ƙarin ƙarfi suke fara aiki da guntun bututun da ke fitowa kai tsaye daga turbo.

Kuma indomi yana toshewa da gaske. In inji yana shan baƙin mai, ko fulogi yana tsallake wuta har ɗanyen fetur ya riƙa isa can yana ci da wuta, ramukansa na iya cikewa ko su narke. Motar da ta kai haka ba za ta ja ba, kuma ranar da aka cire shi mai ita zai ji kamar an sake masa inji. Daga irin waɗannan motoci labarin ya samo asali. Kuskuren shi ne da aka mayar da maganin cuta guda ya zama maganin kowace kasala.

Kunne ba ma'auni ba ne

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙara. Mota ta yi ruri, direba ya ji jijjiga a kujera, sai zuciyarsa ta ce masa ƙarfi ya ƙaru. Ƙarar salansa kuwa bugun matsi ne da ke fitowa duk lokacin da bawul ya buɗe, kuma makamashin da ke cikin sautin ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da abin da ke juya taya. Tukunyar salansa da aka ƙera da kyau tana iya kashe yawancin ƙarar ba tare da ta tare hayaƙi sosai ba.

Ga misali daga inda aka fi kowa kashe kuɗi kan ƙarfin inji. A 2014 gasar tseren motoci ta Formula 1 ta bar injuna masu silinda 8 marasa turbo, ta koma masu silinda 6, lita 1.6, da turbo. Ƴan kallo suka yi ta ƙorafi cewa motocin sun yi shiru, har kamfanin Mercedes ya gwada wani bakin salansa mai kamar kakaki a Basalona a watan Mayu na shekarar don a ƙara sauti, abin bai yi tasiri ba aka watsar. Waɗannan injuna masu shirun su ne daga baya suka fi tsofaffin ƙarfi da ƙarancin mai, har Mercedes ta sanar a 2017 cewa injinta ya mayar da fiye da rabin makamashin mai zuwa aiki a ɗakin gwaji. Shirun yana da dalili: turbo ya riga ya tatse hayaƙin kafin ya fito. In kana neman shaidar cewa inji yana cin moriyar mansa, kada ka nema a ruri.

Abin da bututu kaɗai ba zai yi ba

Motar zamani tana da ƙwaƙwalwa, wato ƴar kwamfutar da ke ƙayyade mai, lokacin wuta, da yawan iskar da turbo zai danna. An rubuta mata iyakar matsin da ake so. Idan an kai iyakar, sai ta buɗe wata ƴar ƙofa a jikin turbo wadda ke zagayar da hayaƙi ta gefe, don farfela ta daina ƙara gudu. To in ka faɗaɗa salansa ka bar ƙwaƙwalwa yadda take, za ta ci gaba da tsayawa a iyakar da ta sani. Turbo zai ɗan fi saurin tashi, wannan gaskiya ne, amma babban ƙarin da kake gani a bidiyoyin TikTok da YouTube yana zuwa ne daga sake rubuta lissafin ƙwaƙwalwar, bututun taimako kawai yake yi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. An auna girman ƙofar nan ne da salansar da kamfani ya sa. In ka cire duk wata toshiya, a wasu injuna hayaƙi ya fi son bi ta farfela a kan ya bi ta ƙaramar ƙofa, ko da ta buɗe gaba ɗaya. Sai matsi ya riƙa hawa da kansa ya wuce iyaka. In an yi sa'a ƙwaƙwalwa ta gane ta yanke ƙarfi, motar ta koma tafiyar gurgu. In ba a yi sa'a ba, sai ƙwanƙwasa.

Ƙwanƙwasa ita ce mai ya fashe da kansa cikin silinda saboda zafi da matsi, maimakon ya ci wuta a hankali daga fulogi. Ita ke fasa zoben fistin, wani lokaci ta huda fistin ɗin kansa. A nan ne yanayinmu ya shigo, kuma a nan ne nake ganin masu kwaikwayon bidiyon Turai suka fi yin ganganci.

Ɗauki watan Afrilu a Kebbi, rana ta kai digiri 40. Danna iska yana ɗumama ta. In turbo ya ninka matsin iska mai digiri 40 sau biyu, lissafi ya nuna ko da babu asara ko kaɗan za ta fito da kusan digiri 109. Turbo na gaske mai ingancin kashi 70 cikin ɗari zai fitar da ita da kusan digiri 138. Shi ya sa ake sa mata abin sanyaya, mai kama da ƙaramin lagireto, kafin ta shiga inji. Amma shi ma da iskar waje yake sanyayawa, iskar waje kuwa 40 ce, ga ƙurar hunturu da ta cike masa ramuka tun watan Janairu. Ƙari a kan haka, iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 15 sakayau da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka turbo sai ya ƙara gudu kafin ya tara nauyin iskar da zai tara a Jamus cikin sauƙi.

Sai mai. Juriyar fetur ga ƙwanƙwasa ita ake aunawa da lambar oktan. A Turai fetur na yau da kullum 95 ne, akwai kuma 98, kuma da su ake gwada yawancin kayan ƙarin ƙarfi. Namu yana ƙasa da haka, kuma gidan mai ba ya ba ka zaɓi. Wanda aka saya a galan wajen ƴan bumburutu kuwa, babu mai iya rantse maka a kan abin da ke ciki. Ko na gidan mai, ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol ya lalata wa mutane motoci. Idan ƙwaƙwalwa ta ji ƙwanƙwasa, tana jinkirta wuta don ta ceci inji. Jinkirta wuta yana rage ƙarfi, yana kuma ƙara zafin hayaƙi, sai ta ƙara mai don ta sanyaya. Ka ga inda aka kwana: an nemi ƙarfi da tsimi, an samu zafi da ƙarin shan mai.

Batun rage shan mai

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan iƙirari ya fi sauran shiga kunne, kuma ban ga laifin direban da ya saurara ba. Amma duba yadda ake tuƙi. A tafiyar kilomita 80 ko 90 a awa kan hanyar Jega zuwa Koko, inji yana amfani da ɗan kaɗan ne daga ƙarfinsa, hayaƙin da ke fita kaɗan ne, toshiyar lafiyayyen indomi kuma ba ta taka kara ta karya ba. Toshiya tana yin nauyi ne idan an take totur har ƙasa. Wato a irin tuƙin da ake cin mafi yawan mai a cikinsa, babu wani abin kirki da za a tsimta.

Hanyar asara kuwa a buɗe take. Akwai sansa biyu masu auna iskar oksijin a salansa, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayansa. Na gaba shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In mai walda ya ƙona wayarsa, ko ya bar ƴar kafa kusa da shi iska tana shiga, sansa zai ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Na baya kuma aikinsa ya duba ko indomi yana aiki. Da ya ga babu, sai fitilar inji ta kama, na'ura ta nuna lambar P0420. Daga ranar fitilar ba za ta sake mutuwa ba, wasu har baƙin salatif suke manna mata. Ranar da wata cuta ta gaske ta zo, babu mai sanar da kai. Sannan ga halin ɗan Adam: wanda motarsa ke ruri ya fi son taka ta.

Yadda masu sana'ar suke yi

Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, kamar Akrapovič na ƙasar Sulobeniya, wanda wani ɗan tseren babur, Igor Akrapovič, ya kafa a farkon shekarun 1990. Abin da ya raba aikin irin waɗannan da na bakin titi shi ne awo. Kafin a taɓa komai, ana ɗora motar a kan na'urar awon ƙarfi, tayoyinta suna juya wasu manyan gangunan ƙarfe, a rubuta ƙarfinta a kowane gudun inji. A huda ƙananan ramuka a auna matsi kafin turbo, bayan turbo, da bayan indomi, don a san ainihin wurin da toshiyar take. A auna zafin hayaƙi, da rabon iska da mai, da yawan jinkirta wuta. Sai a canja abu guda, a sake awo. Ana lanƙwasa bututu da sanda a cikinsa don kada kwanar ta tsuke, saɓanin lanƙwasar da ke matse bututu a daidai inda hayaƙi ya fi buƙatar fili. Ana sa guntu mai lanƙwasuwa don jijjigar inji kada ta tsaga walda, kuma ana barin wa ƙarfe wurin miƙewa, domin bututun bakin ƙarfe mai tsawon mita guda yana ƙaruwa da milimita da dama in ya yi zafi. Waɗanda ake sayarwa don hawa titi suna zuwa da indomi mai manyan ramuka, ba a barin wurin fayau.

Su ma ba na wanke su tas. Lambar da suke tallatawa ita ce mafi girma da aka samu, da fetur mai kyau, da iska mai sanyi, sau da yawa tare da sabon lissafin ƙwaƙwalwa wanda ba a faɗa da babbar murya. Ba su gwada kayansu da fasinja tara da buhunan albasa a zafin Afrilu ba. Duk da haka, suna da lamba kafin aiki da lamba bayan aiki, kana iya ƙaryata su da awo. Makaniken da ya kasa kunne kawai bai ba ka abin da za ka riƙe shi da shi ba.

Wa ke cin ribar indomi?

Sunansa ya samo asali ne daga kamanninsa: tubali ne mai dubban ƙananan ramuka kamar taliyar da ba a dafa ba. Wani injiniya Bafaranshe, Eugène Houdry, ya yi rajistar irinsa a shekarun 1950, aka fara sa shi a yawancin motocin Amurka daga 1975. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada: falatinam, faladiyom da rodiyom. Su ke sa gubar hayaƙi ta rikiɗe. Kabon monoksaid ya koma kabon dayoksaid, ɗanyen man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa, iskar naitirojin mai guba ta koma naitirojin ɗin da muke shaƙa kullum. In ya yi zafi yana aiki daidai, yana kawar da kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗannan guba.

Giram kaɗan ne na ƙarafan a kowace mota, amma ka san darajarsu? A watan Maris na 2021 oza guda ta rodiyom, wato kimanin giram 31, ta kusa dala 30,000, fiye da zinariya sau goma sha. Faladiyom ya haura dala 3,000 a Maris na 2022. Farashin ya sauko daga baya, amma har yau tsohon indomi haja ce da ƴan gwangwan ke nema, ana tarawa a fitar waje a narke. A Ingila da Amurka ɓarayi har ƙarƙashin mota suke shiga da zarto. Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Oktoban 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, kuma binciken da aka yi a Holan ya tarar da wasu an riga an yanke musu indomi tun kafin su hau jirgin ruwa.

Ban ce kowane makanike da wannan niyya yake ba da shawara ba. Da yawa abin da suka koya wajen ubangidansu ke nan, sun kuma yarda da shi. Amma duk shawarar da mai ba da ita zai karɓi kuɗin aiki, sannan ya riƙe abin da ya cire ya sayar, ta cancanci a yi mata tambaya ta biyu. Kawu bai dawo gida da nasa ba. Da na tambaye shi, cewa ya yi: "Me zan yi da shi? Ai shara ce."

Wanda bai shiga cinikin ba

Mai mota ya zaɓa, makanike ya yanke, amma hayaƙin na kowa ne. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Shi ne ke kashe iyalai a ɗaki in an kwana da janareta. A tasha, inda motoci ke tsaye inji na aiki ana jiran lodi ya cika, masu shaƙarsa su ne yaran mota, masu tallar fura da ƙosai, da fasinjan kujerar baya in walda ta bar kafa a ƙarƙashinsa.

Kunne ma haka. Ma'aunin desibel na ninki ne: ƙarin 3 yana nufin makamashin sauti ya ninka biyu. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi. Direban da ke wuni a kan buɗaɗɗiyar salansa shi ne na farko da zai biya, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Dokoki suna nan a rubuce: hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idar hayaniya ta 2009 da ta hayaƙin ababen hawa ta 2011. Sai dai takarda ba ta auna salansa.

Namu laifin

Zai yi mini sauƙi in tsaya a kan makanikai, amma mu ma da muke kiran kanmu masu bincike muna da kaso. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Aliero tun 2006, tafiyar mintuna kaɗan daga garejojin Jega. Awon da ake buƙata don a san ko indomi ya toshe ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. A kwance sansan gaba, a ɗaura ƙaramin agogon matsi a raminsa, a ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a minti. Ƙa'idar da makanikai ke bi a wurare da yawa ita ce in ya wuce kimanin fam 3 a kan inci, wato wajen bar 0.2, akwai toshiya. Ƴar na'urar karanta ƙwaƙwalwa da ake haɗawa da wayar hannu tana nuna matsin turbo, zafin iska da gyaran mai, kuma kowace motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 tana da wurin soka ta. Ɗalibin injiniya zai iya yin aikin kammala karatunsa a gareji, ya auna motoci hamsin kafin yanka da bayan yanka, ya rubuta sakamakon da Hausa ya liƙa a tasha. Wannan zai fi wannan rubutu nawa amfani, domin ni lissafi na kawo maka, shi kuwa zai kawo awon motocinmu, da manmu, a zafinmu.

Kafin a kai ga haka, in makanike ya ce maka a cire, tambaye shi abu uku. Me ka auna? In ya toshe, me ya toshe shi, tunda indomi ba ya mutuwa haka kawai, kuma abin da ya kashe shi yana nan cikin inji? Sannan, in an cire, wa zai tafi da shi? In kuma ƙarfi kake nema, fara da abin da ba ya ƙara: sabuwar matatar iska, wanke abin sanyaya iska, fulogi masu kyau, baƙin mai mai inganci a kan lokaci, iskar taya daidai, da barin inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye bayan doguwar tafiya kafin ka kashe, don man da ke cikin turbo kada ya dahu.

Ita kuwa Sharon ɗin Kawu, na ari na'ura wajen wani abokin karatuna muka soka mata. Ƙwaƙwalwa tana neman matsi, turbo ba ya kai mata. Muka bi robar da ke kai iska daga abin sanyaya zuwa inji, sai ga tsaga a ƙasanta, tsawon ɗan yatsa, ta jiƙe da mai. Duk iskar da turbo ke wahalar dannawa ta nan take zurarewa. Aka sa wata robar, motar ta dawo da janta. Indomin dai ya riga ya tafi, sabo kuma ya fi ƙarfin aljihun Kawu a yanzu, don haka har gobe tana ruri, fitilar inji tana kunne, kuma ƙannena ne ke zama a kujerar baya in za a kai su makaranta.